Kumburin fuska ba na dutsen tausa ba ne kaɗai

A shagunan kayan kwalliya da wuraren gyaran jiki na unguwannin Tirkaniya da Nasarawa da Kakuri a Kaduna, wani sabon kaya ya samu wuri kusa da dilka da halawa da kurkum. Ɗan dutse ne mai santsi, kore ko ruwan hoda, wani mai maƙali ana mirgina shi a kumatu, wani kuma falale ana goga shi daga haɓa zuwa kunne. Na biyun Sinawa ke kira gua sha. Masu tallarsa a TikTok da WhatsApp suna alkawarin abu biyu, wato zai sauke kumburin fuska kuma zai goge tamoji. Alkawarin farko yana da ɗan ƙamshin gaskiya, na biyu ba shi da tushe. Abin da ya fi damuna shi ne na farkon, domin rabin gaskiya ta fi ƙarya tsagwaronta saurin shiga kai.

Idan mutum ya kwanta, ruwa yakan taru a fuska, musamman ƙarƙashin ido, ya fi yawa in an ci gishiri da yawa da dare ko barci bai wadata ba. Tausa mai sauƙi tana tura wannan ruwa ta ƙananan magudanan da ke ƙarƙashin fata zuwa wuya, inda kaluluwa ke fitowa. Sanyin dutsen kuma yana ɗan tsuke jijiyoyin jini. Wani bincike da aka wallafa a 2018 daga Cibiyar Fasaha ta Tokiyo a Japan ya nuna cewa mirgina irin wannan abu na minti 5 yana ƙara gudanar jini a kumatu na aƙalla minti 10. Abin da aka auna ke nan, gudanar jini. Tamoji kuwa daga wani wuri yake zuwa: shekaru da zafin rana suna cinye kolajin, sinadarin da ke riƙe fata ta yi ƙarfi, kuma babu dutsen da ke mayar da shi ta hanyar guga. Kumburin safiya ma, in na barci ne, yakan sauka da kansa da zarar mutum ya miƙe ya shiga hidima, kuma ruwan sanyi da tafin hannu suna yin aikin da dutsen ke yi ba tare da an biya ko sisi ba.

Za a ce to mene ne laifi, tunda ba ya cutarwa, mace ta ji daɗi ta huta. Ga mai lafiyar fata, haka ne, kuma ba na ganin dalilin hana kowa. Amma kumburin fuska a wajenmu sau da yawa alama ce ta wani abu a cikin jiki. Kumburin ido da safe yana daga cikin alamomin farko na ciwon ƙoda, lokacin da furotin ke zuba cikin fitsari har ya yi kumfa. Ga mai juna biyu da ta wuce mako 20, kumburin fuska da hannu tare da ciwon kai na iya zama hawan jinin ciki, wanda in aka yi sakaci yake kai wa ga jijjiga. Raunin ƙwayar maƙogwaro da ke jawo maƙoƙo shi ma yana kumbura fuska. Matar da aka koya wa cewa kumburi matsalar kwalliya ce za ta shafe watanni tana mirgina dutse, alhali gwajin fitsari da awon jini a Asibitin Gwamna Awan da ke nan kusa, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a ƙetaren kogin Kaduna, za su iya faɗa mata gaskiya a yini ɗaya.

Akwai kuma batun da ba a son taɓawa, wato man bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalabe marasa suna suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. Shi wannan sinadari in an daɗe ana shafa shi yana sirantar da fata, jijiyoyi su fito fili, kuma in ya shiga jini sosai yana sa fuska ta cika ta yi zagaye. Sai ka ga wadda man ya kumbura wa fuska ta koma shagon da ta saye shi, a sayar mata da dutsen sauke kumburi. Guga a kan irin wannan fata tana fasa ƙananan jijiyoyi, kuma baƙar fata, kowa ya sani, duk inda ta ji rauni sai ta bar tabo mai duhu. Daga nan sai a ƙara mai don goge tabon.

Masu cewa Sinawa sun daɗe suna yin wannan tausa ba su yi ƙarya ba, sai dai asalin gua sha a baya da wuya da kafaɗa ake yin sa don ciwon jiki, da ƙarfi har fata ta yi jajir, ya fi kama da ƙaho na wanzamai a kan kwalliyar amare. A cikin hujjojin masu kare dutsen, wadda ta fi nauyi ita ce ta sana'a. Tun da masaƙun Kakuri suka rufe, ƙananan sana'o'i ne ke riƙe gidaje da dama a wannan yanki, kuma gyaran jiki na ciki. Ba na neman a karya kasuwar kowa. Mai gyaran jiki tana ganin fuskar mace kusa da kusa fiye da yadda likita ke gani, kuma amarya ko mai ciki takan faɗa mata abin da ba za ta faɗa wa miji ba. Ta yi tausarta da man kaɗanya, ta wanke dutsen da sabulu tsakanin mutum da mutum, ta kauce wa fuska mai ƙuraje. In kuma ta ga kumburin da ya kai azahar bai sauka ba, ko ya haɗa da ƙafa, ta ajiye dutsen ta tambayi matar yaushe rabonta da awo.