Aljihun Uwargida: Kafin Ki Sa Hannu A Takardar Harajin Maigida

A wannan watan wasiƙa ce ta zo mana daga wata 'yar'uwa da aure ya kai ta unguwar Bronx a birnin New York na Amurka. Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, maigidanta kuma direban tasi. Duk shekara shi ke cike takardar haraji a kwamfuta, idan ya gama sai ya kira ta ya ce, "Zo ki danna nan." Bana ta ji wata maƙwabciyarta na cewa ita daban take cike tata. Shi ne take tambaya, wanne ya fi?

'Yar'uwa, matambayi ba ya ɓata. A gida Nijeriya kowane ma'aikaci harajinsa daban. A Amurka kuwa, duk wanda 31 ga Disamba ta riska da aure, hukumar haraji ta IRS na ɗaukarsa mai aure a shekarar baki ɗaya, sai a ba ma'auratan zaɓi biyu: su haɗa kuɗin shigarsu a takarda ɗaya, ko kowa ya cike tasa. Wa'adin miƙawa yakan faɗo 15 ga Afrilu.

Ga yawancin gidaje haɗawa ta fi sauƙi. Akwai wani kaso na kuɗin shiga da ba a cirar masa haraji. A shekarar 2025 dala 31,500 ne ga waɗanda suka haɗa, dala 15,750 ga kowane ɗaya idan an raba. Idan uwargida ba ta aiki kuma aka raba, nata kason ya tafi a banza. Ban da haka, masu rabawa na rasa rangwamen kuɗin makarantar gaba da sakandare da na ruwan bashin karatu, galibi har da na kuɗin renon yara.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ranar da kika sa hannu a takardar haɗaka, kin ɗauki alhakin duk abin da ke cikinta, naki da nasa. Idan maigida ya ɓoye wani ciniki, ko ya rubuta abin da ba haka ba, hukuma na da ikon bin ki kuɗin gaba ɗaya, da tara da ruwa, ko da Allah Ya kawo rabuwa daga baya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Akwai fom mai lamba 8857 na neman a wanke matar da ba ta san komai ba, amma sai kin kawo hujja, kuma ba kowa ake ba ba.

Kurakurai biyu ne suka fi kama mutanenmu. Na farko, sa sunan iyaye ko 'ya'yan dangi da ke Kano ko Kumasi a matsayin waɗanda ake ɗaukar nauyinsu. Doka ba ta yarda ba, sai in mutumin ɗan ƙasar Amurka ne ko mazauninta, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Na biyu, rubuta kuɗin da ake aika wa gida a matsayin sadaka. Ladansa na wurin Allah, amma ba ya rage haraji. Abin da ake lissafawa shi ne wanda aka ba masallaci ko ƙungiyar da hukuma ta amince da ita, da rasit a hannu.

Yaushe rabawa ta fi? Idan lissafin maigida bai kwanta miki ba. Idan kina biyan bashin karatu da ake yanka miki gwargwadon albashi. Ko idan ɗayanku ya kashe kuɗin asibiti masu yawa, domin abin da ya haura kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin shiga kaɗai ake cirewa. Idan kuwa damuwarki wani tsohon bashi ne da ake bin sa, wanda zai sa a riƙe rarar da za a maido muku, kuna iya haɗawa, ki cike fom 8379 a ba ki rabonki. Masu zama a Texas, California da sauran jihohi bakwai da doka ke ɗaukar samun ma'aurata a matsayin na tarayya, su nemi masani kafin su raba, domin can ko an raba sai an kasa kuɗin shigar biyu.

Game da manhajojin haraji irin su TurboTax, H&R Block da FreeTaxUSA, ku sani abin da aka faɗa musu shi suke lissafawa, ba su san gaskiya da ƙarya ba. Amfaninsu shi ne kuna iya gwaji kafin ku aika. Ku cike ta haɗaka ku rubuta sakamakon, sannan ku cike biyu na rabe ku tara, ku duba har da harajin jiha. Masu ƙaramin ƙarfi akwai shirin VITA, inda 'yan sa-kai ke cikewa kyauta. A kula kuma: wanda ya raba yana da shekara 3 ya gyara ya koma haɗaka, amma wanda ya haɗa ba ya komawa rabe bayan wa'adi ya wuce.

Shawarata gare ki, kada ki tunkari maigida da zargi. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ki ce, "Maigida, bana ina so in zauna kusa da kai in koya, saboda halin rayuwa." Ki kawo takardar albashinki ta W-2, ku bi layi-layi, inda ba ki gane ba ki tambaya. Bayan an aika ki ajiye kwafi, aƙalla na shekara 3, domin za su yi miki amfani ranar neman takardar zama ɗan ƙasa ko bashin sayen gida. Namijin da lissafinsa ke daidai ba zai ƙi matarsa ta gani ba.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.