Dutsen Ƙauyensu da Sunayen Kakanninmu

'Yan'uwa ɗalibai, da wuya mutum ya ratsa ƙauyen Ingila bai ga gicciyen dutse a harabar coci ba, ɗauke da sunayen samarin garin da suka faɗi a yaƙin 1914-1918. Daga 2014 zuwa 2018 an sa irin waɗannan duwatsu sama da 2,500 cikin kayan tarihin da doka ta hana a rushe. Ba ma yi musu hassada. Dutsen da ya riƙe sunan ɗan talaka ya cancanci kariya.

To, ina namu? Kakanninmu sun yi wa Sarkin Ingila wannan yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas. A 2021 hukumar kaburburan yaƙi ta Komanwel ta amsa da bakinta cewa mamata aƙalla 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba. Ban haƙurin da aka yi a majalisarsu bai wadatar ba. Tilas a tono rajistocin rundunoni, mu kuma mu tattara sunaye daga bakin dattawanmu. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba!