Farin ƙuda a fadamun Kwaya: kama da wane ba ta wane

Tun bayan babban fari na 1984, lokacin da hukuma ta yi kira ga jama'a su kama noman rani, fadamun Korama suka zama rumbu na biyu ga talakawan jahar Damagaram. A Kwaya, da Bande, da Waca, da Dungas, rogo da tumatir da kuɓewa da tonka su ne ke cike giɓin da damana ta bari. Amma akwai wani ɗan ƙwaro da ke cin gumin manomi a ɓoye. Shi ne farin ƙuda, wanda masana ke kira Bemisia tabaci.

Tsawonsa bai wuce milimita 1 ba. A bayan ganye yake zaune, yana tsotse ruwan shuka. In da zafi, cikin mako 3 ƙwai ya zama babba, shi ma ya fara nasa ƙwai. Babbar ɓarnarsa kuwa ita ce ɗaukar cuta daga shuka maras lafiya zuwa mai lafiya. An ƙidaya cututtukan birus fiye da 100 da yake yaɗawa. In ganyen tumatir ko na kuɓewa ya nannaɗe, ko ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance, sau da yawa aikinsa ne. A 2009 masu bincike sun tabbatar da irin wannan cuta a jikin kuɓewar Nijar.

Ga abin da ya kamata kowa ya gane: farin ƙuda ba iri ɗaya ba ne. Tun 1889 da aka fara bayaninsa a gonar taba ta ƙasar Girka, an daɗe ana zaton ƙwaro guda ne. Da aka soma duba ƙwayoyin gadonsa, sai aka tarar dangi ne barkatai. A 2011 an ƙidaya aƙalla 24, yau sun haura 40. Ido ba ya rarrabe su, amma halinsu ya bambanta. A Kot Dibuwa, binciken da aka buga a 1992 ya nuna wani dangi manne yake wa rogo, wani kuma yana cin kuɓewa da shuke-shuke da dama, amma ba ya rayuwa a kan rogo.

Dangi biyu ne suka fi yawo a duniya, kuma mutane ne suka kai su. Na Gabas ta Tsakiya ya bi cinikin furanni cikin shekarun 1980, ya isa Amurka, a 1991 ya yi wa manoman Kaliforniya mummunar ɓarna. Na Bahar Rum ya biyo baya. Shi ya fi jure magani, har a ƙasar Sin ya ture na farko daga wurare da yawa, saboda feshi na kashe wancan ya bar shi. Wannan dangi ba baƙo ba ne a yankinmu: binciken 2013 ya same shi a kaɗa da kayan lambu a Burkina Faso da Benin da Togo.

A wajen rogo, darasin daga Yuganda ya zo. A ƙarshen shekarun 1980 wani mugun nau'in cutar dabbaren ganye ya ɓulla can, farin ƙuda ya yi yawa, manoma da dama suka bar noman rogo. Cutar ta bazu ƙasashe maƙwabta, a 2009 aka ba da labarin ganinta a Burkina Faso. A nan akwai abin lura. Ƙudan yana kai cuta daga gona zuwa gona, amma itacen rogon da ake yanka a dasa shi ke kai ta daga ƙasa zuwa ƙasa.

To, mi wannan ke nufi ga Kwaya? Garin ba nisa da iyakar Najeriya. Iri da dashe da magani suna shige da fice kowace ranar kasuwa, ƙwaro kuwa ba ya tsayawa a duwan. Manomin da ya ga ƙuda ya ruga kasuwa ya sayi kowace kwalba, yana iya kashe ƙwarin da ke cin ƙudan, ya bar dangin da magani ba ya ji. Kuɗi sun tafi, cuta ta zauna, don shukar da ta kamu da birus ba ta da magani.

Saboda haka aiki na farko na ma'aikata ne. Ya dace ma'aikatar kare shuke-shuke da cibiyar INRAN da jami'ar Damagaram su ɗebi ƙudan daga fadamun Magariya da Dungas, a tantance dangin da ke kan kowace shuka. Sanin abokin gaba shi ne rabin yaƙi. Ya dace kuma a wadata ƙungiyoyin manoma da irin rogo mai jure cuta, kamar wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar, a tsananta bincike kan magungunan da kwamitin ƙasashen Sahel bai yarda da su ba.

Aiki na biyu na manoma ne. Kada a yanki iri sai daga rogo mai lafiyayyen ganye. A rufe wurin renon tumatir da gidan sauro har ranar dashe. A tuge shukar da ta kamu a binne ta. A share tsohuwar gona da zarar an gama ɗiba. In feshi ya zama dole, a nemi shawarar malamin gona, kada a riƙa maimaita magani ɗaya.

Aiki na uku na gari ne baki ɗaya. A Bagineda ta ƙasar Mali, kusa da Bamako, cuta ta kusa kashe noman tumatir. Cikin shekarun 2000 manoma suka yi yarjejeniya: a watan Yuni da Yuli ba mai barin tumatir ko tattasai a gona. Cutar ta rasa wurin fakewa, amfani ya dawo. Irin wannan shawara ba ta yiwuwa sai da masu gari da hakimai da shugabannin ƙungiyoyi, don gona ɗaya da aka bari ta isa ta ɓata fadama duka.

Ƴan uwa manoma, gemun maƙwabta ya riga ya kama wuta. Mu shafa wa namu ruwa tun kafin lokacin dashe ya zo.