Hutun Zafi a Kudai: Ina Yaranmu Za Su Sa Kansu?

Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta makarantun Saudiyya suna hutu, kuma a daidai lokacin ne zafin Makka ke kai maƙura. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu. Hukuma da kanta ta hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ranar da ta kori ƙato daga aiki ba za ta bar yaro ya yi wasa ba.

Shi ya sa a Kudai dare ya koma rana. Yara suna wuni a ɗaki da waya a hannu, sai bayan isha'i su fito ƙwallo a lungu har gab da asuba. Iyaye suna cewa lalaci ne. Mu da muke zama da su mun ga abin ya fi haka.

Akwai kuɗi. Tun Yulin 2017 baƙo yana biyan haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, daga riyal 100 a wata har ya kai 400. Mai 'ya'ya huɗu, 1,600 ke nan a kan yara kaɗai, ga kuɗin wuta da ya tashi a 2018. Ina zai samu na kai su Ɗa'if shan iska?

Akwai takarda. Yaron da aka haifa a nan amma ba shi da iƙama, tsoron kamu ya hana uwarsa barinsa ya yi nisa da gida.

Akwai rusau. Aikin titin Masar ya ci gidaje a Makka, a Jidda kuma an rushe Karantina da Gulail. Maƙwabta sun watse, kuma da su aka rasa idon unguwa da ke tsawata wa ɗan kowa.

Haraji da rusau sun fi ƙarfinmu, amma tsara lokaci yana hannunmu. Muna roƙon limamai su buɗe karatun Alƙur'ani bayan asuba da bayan la'asar. Mu matasa mu ɗauki nauyin ƙwallon dare, a tashi sha biyu. Iyaye mata su yi adashi a kama istiraha mai wurin iyo ko sau ɗaya a wata.

Ɗa na kowa ne. In muka bar wa titi su wata biyu, kada mu yi mamakin abin da zai dawo mana da shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.