Ba a lalubar saifa ta wayar salula

Ranar 17 ga watan Maris na 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi wa ƴan Nijar jawabi, ya ce daga ranar 20 ga wata za a rufe makarantu, tun daga na ƙananan yara har jami'o'i. Kwana biyu bayan jawabin aka ba da sanarwar mutum na farko da cutar korona ta kama a Yamai. Ba ni da ja da rufewar. A wancan mako babu wanda ya san irin ɓarnar da cutar za ta yi mana, ga kuma labarin gawawwakin Italiya yana shigowa ta rediyo safe da yamma. Abin da nake ja da shi shi ne tatsuniyar da aka ƙaga daga baya, wadda har yanzu ake maimaitawa a tarurrukan ƙara wa juna sani cikin ɗakuna masu sanyi: wai annoba ta zame mana alheri, wai ta koya mana cewa ana iya karatun likita daga nesa, wai abin da ya rage kawai a ƙaro kwamfutoci. Duk mai faɗin haka, ina roƙonsa ya dakata ya ji abin da na gani da idona a Adar.

Ɗiyar yayata tana shekara ta huɗu a karatun likita lokacin da aka sallame su. Ba zan kama sunan makarantarsu ba, domin laifin bai tsaya a kan makaranta guda ba. Ta iso ƙauyenmu, wanda ke tafiyar sa'a guda a ƙasa daga Barmu, da jakar tufafi da waya mai tsagaggen gilashi. Aka ce musu darasi zai ci gaba ta intanet. Ga yadda ya ci gaba. Malami ya tura takardu a zauren WhatsApp, shafi sittin ko tamanin, da Faransanci, wani lokaci ya haɗa da muryarsa. Ita kuwa sai ta gama daka da ɗiban ruwa, domin a gidanmu ba a san ɗaliba ba, ɗiya mace aka sani, sannan ta hau wani tudu bayan gari inda layi ke kamawa, ta ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Wutar wayar ta ƙare, a ba yaro ya kai Barmu wurin mai caji, a biya, a jira gobe. Bazara ce, azumi kuma ya kama a ƙarshen Afrilu. Da rana tsaka wayar kan yi zafi ta mutu da kanta. Wata rana ta dawo daga tudun ta ce mini: "Kawu, yau jaka guda na ƙone a kan darasi ɗaya, kuma rabinsa ne ya sauko."

Abokan karatunta da ke zaune a manyan birane, ƴaƴan ma'aikata masu wuta da fanka, sun karanta takardun nan a daren da aka turo su. Jarrabawa kuma ɗaya ce. A ƙasar da a shekarar 2020 ko kashi 20 cikin 100 na jama'arta ba su da wutar lantarki, a karkara ma abin bai kai a faɗa ba, duk wanda ya mayar da aji cikin waya ya riga ya zaɓi ɗalibansa tun kafin ya buɗe baki. Kuma waɗanda ya zubar su ne waɗanda muka fi bukata, domin ɗan ƙauye shi ne mai yiwuwa ya yarda a tura shi aiki Abalak ko Cintabaradan ya zauna. Abin takaici, babbar jami'armu sunan Abdu Mumuni take ɗauke da shi, masanin makamashin rana da ya ƙare rayuwarsa yana nuna cewa ranar nan da ke ƙona mu dukiya ce. Ya rasu a 1991. Kusan shekara talatin bayansa, ɗalibar likita tana aika waya kasuwa neman caji.

To amma a ce an kawo wutar. A ce an kafa ƙarfen sadarwa a ƙofar kowane gida a Adar. Maganata tana nan daram, domin asarar da ta fi girma ba ta layi ba ce. Ɗalibin shekara ta huɗu da safe a asibiti ya kamata a same shi, yana bin babban likita daga gado zuwa gado. A nan ne ake kama hannunsa a ɗora ƙarƙashin haƙarƙarin hagu na yaro, a ce masa jira ya ja numfashi, ka ji abin da ya taɓo yatsunka? Saifa ce ta kumbura. A nan yake koyon jan fatar ido ya ga farin da ke nuna jini ya ƙare, da ɗaga kan mai zazzaɓi ya ji wuya ya ƙi lanƙwasa, alamar sanƙarau, da danna bayan ƙafar jariri ya ga ramin yatsa ya ƙi cikowa, alamar tamowa ta yi nisa. A nan yake koyon neman jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, da dare, uwa tana tsaye a kansa. Kowanne daga cikin waɗannan an rubuta shi a littafi cikin layi biyu, kuma wanda ya haddace layukan bai san komai ba tukuna. Wanzaman garinmu sun fi masu shirya taro fahimtar wannan: yaro yakan shekara yana riƙe wa ubansa zabira yana kallo kafin a bar shi ya taɓa aska. Haka maɗori, haka ungozoma.

Akwai kuma wani darasin da ko a littafin babu shi. Karatu da Faransanci ake yi, ciwo kuwa da Hausa da Tamajak da Fulatanci yake zuwa. Tsohuwa ta ce "zahi" ke damunta, ko "sanyi", ko "iska"; amarya ta sunkuyar da kai ta ce ciwon ciki, alhali abin da ya kawo ta yana ƙasa da cikin, kunya ta hana ta faɗa gaban surukarta. Gano abin da ke bayan waɗannan kalmomi rabin aikin likita ne, kuma a bakin gado ake tsintarsa, wurin tsofaffin ma'aikatan jinya waɗanda sunansu ba ya cikin jadawalin malamai.

Za a ce mini ai duniya duka haka ta yi. Ba haka ba ne, ko kuma ba haka kawai ba. Gaskiya ne a ranar 17 ga Maris ɗin nan ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka ta ba da shawarar a janye ɗalibai daga ɗakunan marasa lafiya, kuma a Landan an yi jarrabawar ƙarshe ta likitanci ta intanet a wannan wata. Amma Ingila ta yaye ƴan shekarar ƙarshe da wuri ta tura su asibitoci, Italiya ta ɗage wa sababbin likitocinta jarrabawar lasisi don su kama aiki, wasu makarantun Amurka ma sun yaye nasu kafin lokaci. Masu likitoci da yawa sun ga ɗalibi a matsayin hannu. Mu da ba mu kai ko kusa da likita ɗaya ga mutum 10,000 ba, rabin farko na darasin muka kwafo, muka bar rabi na biyu. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Maƙwabtanmu na Najeriya kuwa nasu ya fi muni: yajin aikin malaman jami'a ya haɗu da annobar, daga Maris har Disamba, ɗaliban likita na Kano da Zariya da Sakkwato suna zaune gida wata tara.

Na san amsar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba: babu isassun takunkumi da safar hannu, ma'aikatan lafiya da dama sun kamu a makonnin farko, wa zai ɗauki alhakin ran ɗan mutane? Daidai ne, kada a kai ɗalibi ɗakin masu korona. Sai dai cibiyar lafiya ta Barmu ba ɗakin korona ba ce. Ƙyanda ba ta tafi hutu ba, haihuwa ba ta tsaya ba, awon ciki da rigakafi suna nan. Bisa ƙididdigar hukuma, waɗanda korona ta kashe a Nijar tun farkonta har ƙarshenta ba su kai 400 ba, alhali zazzaɓin cizon sauro yana kwashe dubbai kowace shekara, akasarinsu yara. Takarda ɗaya mai hatimi ta isa: wance ɗalibarmu ce, a karɓe ta a cibiyar lafiya mafi kusa da gidansu, shugaban cibiya ya sa hannu a kan abin da ta gani da abin da ta yi. Jihar Tawa tana da babban asibitin jiha, tana da asibitocin gundumomi, tana da asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. A 2020 ɗan Adar mai son likitanci a jami'ar gwamnati sai ya tafi Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Annoba ta dawo mana da su gida kyauta, mako goma cur, muka bar su suna farautar layi a kan tudu. Ɗiyar yayata ta je cibiyar da ƙafarta ta roƙa. Ma'aikacin da ta tarar, mutumin kirki, ya ce mata: "Ƴata, ina so, Allah ya sani, amma ba ni da takarda. In wani abu ya faru ni za a kama."

Wani abu guda zan yaba wa wayar, shi ne ta tona asiri. Da na ɗauka ɗalibai za su yi kukan rashin lacca, sai yarinyar ta ce mini ita ba ta ga bambanci ba: da ma a babban ɗakin karatu malami karanta takardarsa yake yi, ɗaruruwa suna rubutawa, na baya ba sa ji, a fita a yi layi wurin mai kwafi. Idan WhatsApp ya iya maye gurbin malami ba a ji giɓi ba, to malamin ya binciki kansa. Wannan ɓangaren a mayar da shi cikin waya har abada, ban damu ba. A ɗauki laccar sau ɗaya da kyau, a zuba wa kowane ɗalibi a katin ajiya tun farkon shekara, ba sai da layi ba. Amma sa'o'in da aka tsira da su a maido su bakin gado, malami da ɗalibai goma, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tsorona shi ne akasin haka ake nufi. An buɗe makarantu ranar 1 ga Yuni 2020, amma ɗanɗanon arahar bai bar bakin masu tsara kasafi ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki: ga hanyar ɗibar ɗalibai dubu ba tare da an gina ɗakin jinya ɗaya ko an ɗauki malami ɗaya ba. Senegal ta kafa jami'ar intanet a 2013, Kodebuwa a 2015, kuma ba na musun amfaninsu ga mai koyon lissafin kuɗi ko shari'a. Likitan da za a yaye ta wannan hanya kuwa ba ƴaƴan masu shirya taron zai duba ba, su jirgi suke hawa zuwa Tunis ko Faris. Mu za a turo wa shi, uwata da taku, a kwance a kan tabarma.

Saboda haka ina da shawara ga masu taron gaba a kan "makarantar likita ta zamani". A yi shi a Barmu, cikin watan Afrilu. Kowane mai jawabi ya bar kwamfutarsa a mota, a ba shi waya irin ta ɗiyar yayata da katin jaka guda, ya sauko da takardar jawabinsa da kansa. Tudun yana nan, zan raka su, kuɗin caji kuma ni zan biya.