Bature Ya Tafi, Wa Ya Gaji Bulalarsa?

Har yau akwai masu cika mana kunne da cewa Turawan Ingila, duk da laifinsu, sun bar wa ƙasashen da suka mallaka gadon adalci. Masu wannan magana su koma su karanta tarihin Indiya.

Indiyawa fiye da miliyan ɗaya ne suka yi wa Ingila hidima a Yaƙin Duniya na Farko. Tukuicin da aka ba su a watan Maris na 1919 shi ne Dokar Rowlatt, wadda ta halatta wa gwamnati tsare mutum har shekara 2 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Zaɓaɓɓun wakilan Indiyawa a majalisa duk suka ƙi ta, aka yi biris da su, har Muhammad Ali Jinnah ya ajiye kujerarsa.

Gandhi ya yi kira, ranar 6 ga Afrilu aka rufe kasuwanni, Musulmi da Hindu suka fito tare. A Amritsar hukuma ta kama shugabannin jama'a biyu, Dokta Kitchlew da Dokta Satyapal. Ranar 13 ga wata mutane suka taru a filin Jallianwala Bagh, sai Janar Dyer ya sa sojoji suka buɗe masu wuta, harsashi 1,650. Gwamnati da bakinta ta amsa kashe mutum 379. Wannan ne adalcin? Jama'a ba su saduda ba, a 1922 aka soke dokar.

To, ga inda gizo ke saƙa. Indiya ta sami 'yanci a 1947, amma a 1950 'ya'yanta suka kafa tasu dokar tsarewa, kuma daga 1975 zuwa 1977 Indira Gandhi ta tsare dubban 'yan adawa. Haka Nkrumah ya yi a Gana a 1958, haka sojojin Nijeriya da Doka ta 2 ta 1984. Bature ya tafi, ɗan ƙasa ya ɗauki bulalarsa.

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, takardar tsare mutum ba ta buga kanta, sai da akawu da sakatare. Gobe ku ne a kan kujerun nan. Ranar da aka miƙo maku ita, ku tambayi laifin mutumin da kotun da za ta saurare shi. In babu, ku janye hannunku, domin ramin mugunta gajere ake gina shi.