Tallafin Naira Dubu 25 Da Talakan Bakin Iyaka



Maudu'inmu na wannan mako shi ne kuɗin tallafin da gwamnati ke ba talakawa. Ra'ayina shi ne: tallafin yana kashe yunwar kwana biyu, amma yadda ake raba shi yana iya ƙara tazara tsakanin talaka da talaka.

A zamanin Buhari ana ba gidajen da ke cikin rajistar talakawa naira 5,000 a wata. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin Tinubu ta sanar da naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin saboda zargin almundahana, daga baya aka dawo da shi da sharaɗin lambar NIN da asusu.

To, wa ke da NIN da asusu? Galibi ɗan gari ne mai waya da ɗan ilimi. Tsohuwar da ke ƙauyen bayan Kamba, ko masuncin Lolo a Bagudo, sai sun biya kuɗin mota kafin su kai wurin rajista. Wanda ya fi kowa buƙata shi ya fi nisa da layi.

Sannan abincin mutanenmu a iyaka yake. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023. Ɗan dako da ɗan acaɓa da mai tuwon tasha duk suka zauna. Tallafin wata uku ba ya maye gurbin kasuwa.

Ba cewa nake a soke shi ba. Brazil ta rage talauci da shirin Bolsa Família tun 2003, don ana biya kowane wata, kuma an ɗaura shi da zuwan yara makaranta da rigakafi. Ɗorewa ce sirrin.

Ga aikinmu. Mun cika littattafai da attajirin da ke auren 'yar talaka ya fitar da gidansu daga ƙunci. A wannan makon kowa ya je unguwarsu ya tambayi gida biyar: wa ya samu, sau nawa, me ya saya, wa aka tsallake? Ku rubuta abin da kuka ji, ba tare da sunan kowa ba, ku ajiye a nan ƙasa.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.